Almakashin 'Yan Ajina da Ƙyallen Kwamishina

Ko tsufa ya kwashe min komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu ba. Har yau idan na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi, kuma ban san wanne ya fi yawa ba tsakanin kunya da haushi. Ina jin dai haushin ne. Kunyar takan lafa, shi ko haushin yana nan daram.

A lokacin ina koyar da ilmin halittu a wata sakandaren 'yan mata ta kwana a nan cikin Katsina. Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, farar hula suka karɓi mulki, kowa ya sa sabon ɗinki yana cewa yanzu za a gyara ƙasa. Mu abin da ya dame mu ajin kimiyya ne. Tun zamanin soja aka gina mana ɗakin gwaje-gwaje, aka shafa fenti, aka sa tagogi, aka garƙame. Ciki babu komai sai tebura da yanar gizo-gizo. Sai ga labari daga ma'aikatar ilmi cewa duk makarantar da ba ta nuna da gaske take yi ba, za a rufe mata ajin kimiyya, a watsa 'yan matan cikin sauran azuzuwa. Ina da yara a ajin nan da suke mafarkin zama likitoci da ungozomomi, wasu iyayensu sai da aka yi ta lallashi kafin su bar su su kai aji shida. Aka ce sabon kwamishina zai zo da kansa ya buɗe ɗakin, ya ga abin da muke koyarwa, sannan a yanke hukunci.

To, dole in gabatar muku da Malam Lawal. Shi ne malamin kemistiri, kuma shi aka naɗa shugaban sashen kimiyya, alhali na riga shi zuwa makarantar, na kuma fi shi takarda. Mutum ne mai sanyin magana, kullum cikin farin kaftani da hula zanna mai ruwan toka, yana tafiya kamar ba ya son taka ƙasa. Wannan sanyin nasa shi ya fi ƙona min rai. Shekarar da ta gabata ni da yarana muka yi wahalar lambun makaranta, muka haɗa takin, muka yi ta ɗibar ruwa, amma da masu duba makarantu suka zo, shi aka ɗauka hoto yana riƙe da kabeji. Bai ce shi ya shuka ba, gaskiya. Amma kuma bai ce ba shi ba ne. Tun daga ranar nake kallonsa da wutsiyar ido.

Da aka zauna taron malamai don tsara abin da za a nuna wa baƙo, Malam Lawal ya ce zai zuba wani ruwa cikin wani ruwa, launi ya canza, a yi tafi. Na ce wannan ai masu wasa a kasuwa ma suna yi. Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga wani kwas na malaman kimiyya a Zariya ba, inda wata dattijuwar malama ta yi mana bayanin yadda ƙwayar halittar jikin mutum take yaƙi da bairos ita kaɗai, tun kafin sojojin jini su ji labari. Abin ya shiga raina ƙwarai. Na ce shi za mu mayar wasan kwaikwayo.

"Malama, ai wannan ba ya cikin manhaja," in ji Malam Lawal, a hankali kamar mai ba jariri magani.

"Canza launin ruwa yana ciki, shi ya sa ɗakin namu ya cika da kaya," na ce.

Shugabar makaranta, wadda muke kira Hajiya Babba, ta ɗaga hannu. "Ya isa. Kowa ya yi nasa. A yanke ƙyallen buɗe ɗaki, Malam ya yi ruwansa, sannan Malama ta yi wasanta a cikin ɗakin. Amma ki ji ni da kyau, kada ki tada min hankalin baƙi."

(Da na san abin da ke tafe, da na ce ta maimaita, in rubuta a tafin hannu.)

Bari in gaya muku abin da wasan ya ƙunsa, don in ba haka ba ba za ku gane irin ramin da na haƙa wa kaina ba. Shi bairos ba cikakken mai rai ba ne, ba ya iya haihuwa da kansa. Sai ya kutsa cikin ƙwayar halitta, ya saki wani dogon zare da ake kira RNA, wanda ke ɗauke da umarninsa. Injinan gidan ba su san baƙo ba, duk zaren da suka samu karantawa suke su ƙera abin da ya ce, sai ka ga gida ya koma masana'antar ƙera sababbin bairos. Amma wajen kwafar zaren nasa, dole a wani lokaci ya zama sili biyu manne da juna, abin da ba a cika gani ba a ƙwayar da take lafiya. Akwai wani sinadarin furotin mai gadi da ba shi da aiki sai neman wannan ninkin. Da ya gan shi sai ya saki wata 'yar alama, alamar ta je ta tada wani furotin da ke barci, wanda masana ke kira RNase L. Ni almakashi na sa masa suna. Idan ya farka sai su haɗu biyu-biyu su hau datsa zare mai sili ɗaya. In babu zare babu umarni, in babu umarni babu sabon bairos. Sai dai almakashin nan ba ya tsayawa tantancewa. Na baƙo da na gida duk datsewa yake, har takan kai ƙwayar ta mutu, amma maƙwabtanta su tsira.

Na zauna a kan keken ɗinkin Inna, a gidan iyayena da ke unguwar Gobarau, na ɗinka dogon jan ƙyalle mai sheƙi, na liƙa masa fararen haruffa huɗun da masana ke rubuta umarnin zaren da su. Shi ne bairos. Na yi korayen ƙyallaye, su ne zaren gida. Na aro almakasai daga ɗakin koyon ɗinki, na raba wa 'yan mata. Mai gadi kuwa na zaɓi Murja, wata doguwar yarinya 'yar Batagarawa, mai ƙwaƙwalwa amma mai tsoro, na ba ta ƙararrawar hannu. Aikinta ɗaya ne: da ta ga jan ƙyalle ya ninku biyu, ta kaɗa.

A wajen gwaji da tsummokara muke yi, don kada a ɓata na gasken. Duk lokacin da aka ninka tsumman, sai Murja ta tsaya ta kalle ni, tana jiran in gyaɗa kai. Na yi magana a hankali, ta sake. Na ɗaga murya, ta sake. Sai na fashe.

"Ke Murja! Ni kike kallo? A cikin jikinki akwai wata malama da take zaune tana ba da izini? Ƙwayar halitta ba ta jiran kowa! Ina nan ko ba na nan, gaban kowa ne, da kin ga ja ya zama biyu ki kaɗa! Ku kuma da kun ji ƙararrawa kada wadda ta tsaya tambaya. Wadda duk ta tsaya, ni da ita ne!"

Suka ce, "To, Malama." Yarana suna tsorona, kuma a lokacin ina ɗaukar wannan abin alfahari.

Ranar ta zo. An kafa rumfuna, an share fili har ƙasa ta yi laushi, an jera kujerun roba, an ɗaura wani ƙaton allon yadi na maraba a saman ƙofar ɗakin. 'Yan wasana na jera su a bakin ƙofar, kowacce da almakashinta, don su fara shiga bayan baƙi. Na tafi ofishin sashenmu in ɗauko kayan da na kulle a kabad. Na buɗe. Wayam. Babu ja, babu kore.

Mutum uku ne ke da makullin kabad ɗin: ni, da Hajiya Babba, da shugaban sashe. Ban ko yi tunanin Hajiya ba. Zuciyata ta tafi kai tsaye wajen mai hula ruwan toka. Na ce shi ke nan, ya ɓoye don wasana ya lalace, ruwansa ya yi fice. Ko kuma ya ɗauka ne ya gabatar da shi a matsayin nasa, kamar kabeji. Na fita kamar an cinna min wuta. Na duba teburinsa, na zazzage aljihun teburin (har da goronsa na zubar, ban kuma tsince ba). Na tafi sito, na tafi ɗakin ɗinki, na zarce har can bayan ɗakunan kwana inda yake ajiye babur ɗinsa, na buɗe akwatin babur ɗin mutum ba da izininsa ba. Duk wadda ta gaishe ni a hanya ban amsa ba. Ina tafe ina tsara zagin da zan yi masa, ina gyara shi kamar mai shirya jawabi.

Ga abin da ban sani ba. Mutanen ma'aikata da aka ce za su zo da ƙyallen buɗe ɗaki sun manta da shi. Hankalin Hajiya Babba ya tashi, ta tuna ta taɓa ganin wani ja mai kyau a kabad ɗinmu, ta buɗe da makullinta ta kwashe duka. Korayen ta sa aka ƙara ɗaure allon maraba da su, don igiyarsa ta yi sako-sako. Jan kuwa ta sa aka gitta a ƙofa. Da ya yi tsawo da yawa, sai ta ce a ninka shi biyu.

Kuma ban san kwamishina ya iso ba. Mu da muka saba da zamanin soja, babban mutum ba ya zuwa sai an ji jiniya tun daga Ƙofar Sauri, an ga kaki, an ga bulala. Wannan kuwa da mota ɗaya ya zo, shiru, da ɗan sanda guda. Tsohon hedimasta ne da siyasa ta ɗauko. Aka yi addu'a, aka yi gajeren jawabi, aka taho bakin ƙofa. Aka miƙo masa almakashi a kan faranti. Ya kama ƙyallen da hannun hagu. Mai gabatarwa ya kara masa makirfo a baki don ya yi bisimilla kowa ya ji.

Murja na tsaye a gefe. Ta ga jan ƙyallenmu da haruffansa. Ta ga ya zama biyu. Ta waiga, babu Malama. Daga baya ta ce min ta ɗauka an canza tsari ne, kuma gwada ta nake yi.

Ina can bayan ɗakunan kwana na ji ƙararrawa.

Jama'a, ban san ina da gudu ba sai ranar. Abin da ke kaina guda ne: Malam Lawal ya fara wasana babu ni. Na tattare zani, mayafi na jan ƙasa, na ratsa ta bayan rumfa, na ture wata malama, na kutsa cikin taro. Abin da na tarar shi ne 'yan matana sun haɗu biyu-biyu, yadda na koya musu, sun rufar wa ƙofa, ƙyas-ƙyas-ƙyas, jan ƙyallena na zuba ƙasa guntu-guntu. Wasu biyu sun hau benci sun kai wa korayen hari, don an ce musu na gida ma ba a bari. Allon maraba ya saki gefe ɗaya, ya sulmiyo ya lulluɓe Hajiya Babba har kafaɗa. Murja kuwa ta runtse ido tana ta kaɗa ƙararrawa kamar za ta tsinke hannu.

A tsakiyar wannan duka ga mutum tsaye ya ba ni baya. Farin kaftani. Hula zanna mai ruwan toka. Almakashi a dama, guntun jan ƙyallena a hagu.

Ban yi wata-wata ba. Na fizge guntun daga hannunsa ta baya, na buɗe baki na sauke jawabin da na sha wahalar tsarawa.

"Sake min kayana, ɓarawon wahalar mutane! Wasu su yi aiki, kai ka zo ka tsaya a ɗauke ka hoto! Mi ka taɓa ginawa da hannunka? Ba ka iya komi ba sai kafa hula!"

Na ji muryata ta yi wani irin girma, tana dawowa daga bangon ɗakin cin abinci, amma ban kula ba. Makirfon nan yana nan inda aka kara shi. Ban ko tsaya ba na juya kan yara, don wani haushin ya taso a kan na farko.

"Ku kuma shashashai, mai ninki na ce ku yanka? Mai ninki na mai gadi ne! Almakashi sili ɗaya yake ci! Sau nawa zan faɗa?"

(Wannan gaskiya ne a kimiyyance, kuma har gobe ina kan bakana. Sai dai ba lokacinsa ba ne.)

Sai na lura ƙararrawa ta yi shiru. Almakasai sun tsaya. Fili gaba ɗaya ya mutu, har kukan wata akuya nake ji daga bayan katanga. Na ɗaga ido, sai ga Malam Lawal a gabana, can gefen ƙofa, riƙe da faranti, bakinsa a buɗe.

Na dube shi. Na dubi hularsa. Ƙwaƙwalwata ta yi wani ɗan lissafi a hankali: in Malam Lawal yana gabana, to wane ne a gefena?

Mutumin ya juyo. Dattijo ne mai furfura a gemu, da tabarau, fuskar da na sha gani a allon sanarwa na ofishin Hajiya. Ɗan sandan ya yunƙuro, ya ɗaga masa hannu ya tsaya. Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi hannunsa da babu komai a ciki.

"Malama," ya ce, kuma makirfon ya kai wa kowa, "ni ne ɓarawon?"

Ana cewa mu Katsinawa kunya gare mu ba tsoro ba. Ni ranar duka biyun suka haɗu suka danne ni. Na so ƙasa ta tsage, ta ƙi. Na so in suma, jikina ya ƙi ba ni haɗin kai. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ranka shi daɗe, ba kai ba ne. Wancan ne." Na nuna Malam Lawal da guntun ƙyalle. Wato na gyara ɓarna da ɓarna. Daga can bayan rumfa wani ya kasa riƙewa ya tuntsire, dariya ta kama kamar wutar kara. Hajiya Babba ta gama fitowa daga cikin allon, ɗankwalinta ya karkace, ta yi min wani kallo da har yau nake gani a mafarki.

Kwamishina bai yi dariya ba. Abin da na faɗa ya taɓa shi, don kowa a wurin ya san ginin nan ba shi ya yi ba. Ya ce, "To, tunda an riga ni yankawa, a gaya min abin da aka yanka." Sai ya juya ga Murja, wadda hawaye ya wanke wa fuska. "Ke mai ƙararrawa, mi ya sa kika kaɗa?"

"Ya zama biyu ne, Baba," ta ce tana shessheka.

"In ya zama biyu fa?"

Ta share hanci da gefen hijabi, ta fara. Ta yi bayanin zaren, da ninkin, da mai gadi, da almakashin da ke barci. Ya tambaye ta don me aka taɓa korayen, ta ce gara gida ɗaya ya rushe da unguwa ta kamu. Ya jefa wa wasu biyu tambaya, suka amsa. Ya gyaɗa kai, ya ajiye almakashinsa a faranti, ya tsallake guntayen ƙyallen ya shiga ɗakin. Ko kallona bai sake yi ba. Malam Lawal ya yi ruwansa, launi ya canza, ba wanda ya tafa.

Da baƙi suka tafi Hajiya Babba ta kira ni ofis. Ba zan maimaita abin da ta faɗa ba, amma ta yi shi a tsaye. Da na samu sarari na ce ai ita ta ɗaukar min kaya ba ta gaya min ba. Ta ce, "Makarantar taki ce ko tawa?" Sannan ta ƙara min da abin da ya fi zafi: ashe Malam Lawal ya ce mata kada a taɓa, kayan wasan Malama ne, ta ƙi ji. Har aikawa ya yi a neme ni a sanar da ni, ba a same ni ba, don ina can ina binciken babur ɗinsa. Wato mutumin da na kira ɓarawo a gaban duniya shi kaɗai ne ya tsaya min. Kun san wani abu? Wannan ya ƙara min haushinsa. Mutum ya hana ka ko da jin daɗin zarginsa!

Kafin la'asar labari ya riga ni isa Gobarau. Na tarar da Baba zaune a zaure, ko amsa sallamata bai gama ba ya ce, "Ke ce kika zagi kwamishina a lasifika?"

"Baba, kuskure ne, na ɗauka..."

"To wanda kika ɗauka ɗin, shi ba ɗan mutane ba ne? Ko da aurenki, ke ɗiyata ce, sunana aka kira. Gobe ki shirya."

Washegari ya sa babbar riga ya tasa ni gaba har gidan kwamishina. Aka shigar da mu falo. Na durƙusa a bakin ƙofa, kaina a ƙasa, su kuwa suka shiga gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ya aiki, ya jama'a, ya muka ji da zafi, kamar ba ni a wurin. Gwiwoyina suka fara raɗaɗi. Can Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, na kawo mai laifi. Allah shi huci zuciyarka. Tun tana ƙarama bakinta ya riga idonta."

Kafin ya amsa sai ga matar gidan ta leƙo da farantin ruwa, wata Hajiya mai jiki da fara'a. Ta tsaya ta ƙare min kallo. "Wannan ce? Ke ce kika ce bai iya komi ba sai kafa hula?" Na ƙara sunkuyawa. Ta ce, "Tashi ki zauna a kujera, ɗiyata. Ni shekara da shekaru ina neman wanda zai gaya mashi, ban samu ba."

Baba ya yi tari don ya ɓoye dariya. Kwamishina ya girgiza kai, a karo na farko na ga haƙoransa. Ya ce ya yafe, amma in sani ya ji zafi, don a gaban yara aka yi, kuma shi ma malami ne, ya san abin da yara ke ɗauka. Na ce na sani. Ya cire tabarau yana gogewa.

"Akwai abin da ya tsaya min a rai tun jiya," ya ce. "In har Allah ya sa wa kowa almakashin nan a jiki, mi ya sa ƙyanda ta ɗauke min jika bara?"

Hajiya ta ajiye farantin a hankali. Baba ya ce Allah shi jiƙanta, shi sa mai ceto ce. Ni kuwa duk wani haushi da kunya suka kau na ɗan lokaci, na tsinci kaina ina magana da muryar da ban cika amfani da ita ba. Na ce masa tsere ne. Su ma bairos ɗin suna da nasu makirci: wani yakan ɓoye zarensa kada mai gadi ya gani, wani yakan toshe kiran da ƙwaya ke yi wa maƙwabta su shirya, kuma na ƙyanda gwani ne wajen wannan. In ya riga almakashi, sai a koma ga sojojin jini, su kuwa sun fi sauri in sun taɓa ganin abokin gaba. Amfanin rigakafi ke nan. Ya daɗe yana kallon tabarau ɗin a hannunsa. Ya ce, "Ba a yi mata ba." Sai Hajiya ta ce mu sha ruwa.

Ba a rufe ajin kimiyya ba. Bayan wani lokaci aka kawo mana madubin duba ƙwayoyin cuta da 'yan kwalabe, ba duka abin da muka nema ba, amma aka fara. Ni kuwa na samu takardar gargaɗi a fayil ɗina, aka kuma tilasta min ba Malam Lawal haƙuri a gaban malamai. Ya ce, "Ba komi, Malama, ai ɗan'adam ajizi ne," da wannan sanyin nasa, na ji kamar in sake zaginsa. Da aka tashi ƙarin girma shi aka ba mataimakin shugaba, aka ce ni a bari in ƙara natsuwa. Har yau ina ganin an zalunce ni a nan, kuma har yau ina cewa Hajiya Babba ce ta fara laifi, ko da yake ba wanda ya taɓa goya min baya a kan haka, har Inna.

Zan so in ce muku na daina faɗa tun daga ranar. Ƙarya ne, jikokina za su ƙaryata ni. Abin da dai na koya ɗan kaɗan ne, amma ya yi min amfani: duk wanda zan zaga, komai zafin da nake ji, sai na zagaya ta gabansa tukuna.